Barcin Uberman ko barcin dare da ƙailula: amsa ga ƙanenmu tela na Jekadafari

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya wani ƙanenmu a wannan zaure, ɗalibi a Jami'ar Jihar Gombe da ke ɗinki a shagon yayansa a Jekadafari, ya kawo tambaya. Ya ce ya ga wani Bature a YouTube yana cewa awa 2 kacal yake barci a kullum, a gutsuttsure, kuma garau yake jin jikinsa. Shi kuma ga jarrabawa ta matso, ga ɗinkin Sallah ya taru. Ya bi wannan tsarin ne, ko ya tsaya kan barcin dare da ɗan kishingiɗar rana da muka saba?

Ƙanena, na daɗe ina aikin jinya, aikin dare ya ci rabonsa a jikina, don haka bari in jera maka su biyun ka duba da kanka.

Wanda ka gani shi ake kira Uberman: barcin minti 20 sau shida, ɗaya bayan kowace awa 4, dare da rana. Yana da ɗan'uwa mai sauƙi-sauƙi, Everyman, inda ake barcin awa 3 da dare, a ƙara da minti 20 sau uku da rana, jimilla awa 4. Akwai kuma Dymaxion na Buckminster Fuller, wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, wanda mujallar Time ta ba da labarinsa a 1943: minti 30 bayan kowace awa 6. Shi kansa daga baya ya bari. A ɗaya gefen kuma ga namu: a kwanta bayan Isha, a tashi Asuba, a ɗan runtsa da rana.

Abin da nake so ka lura da shi, duka biyun raba barci ne. Ba rabawar ce matsala ba. Inda suka rabu shi ne namu yana raba barcin ya bar shi cikakke, wancan kuwa yana rabawa ne don ya yanke shi. Kai da ke riƙe almakashi ka fi kowa sanin bambancin a yanka yadi biyar gida biyu, da a ba ka yadi ɗaya da rabi a ce ka fitar da babbar riga.

Barci zagaye-zagaye yake yi, kowane zagaye kimanin minti 90. A farkon dare barci mai nauyi ya fi yawa, wanda idan an tashe ka a cikinsa ba ka sanin inda kake. A nan jiki ke gyara kansa, ƙwaƙwalwa kuma ke adana abin da ka karanta da rana. Gab da Asuba kuma barcin mafarki ke yawaita. Wanda ya kwanta ƙarfe 10 ya tashi 4:30 ya samu zagaye huɗu da ɗoriya, ya ɗanɗani kowane iri. Mai minti 20 kuwa ƙararrawa ke katse shi kafin ya cika ko zagaye ɗaya. Masu tallan Uberman suna cewa bayan mako biyu jiki zai saba, da ka rufe ido sai mafarki. Faɗawa mafarki nan take alama ce ta jikin da ke bin bashin barci, ba ta ƙwarewa ba.

Maganar sabo ɗin nan ita ta fi ba ni tsoro. A 2003 masu bincike a Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi: wasu mutane suna barcin awa 8, wasu 6, wasu 4, tsawon kwana 14. Masu awa 6 kullum kuskurensu ƙaruwa yake, har suka yi kusa da wanda ya kwana ɗaya ko biyu ido biyu. Amma da aka tambaye su, cewa suke ɗan barci kaɗan suke ji. Wato mutum yana lalacewa yana ganin ya saba. Na ga wannan a kaina. Akwai daren da na rubuta lokacin magani ba daidai ba a takardar majinyaci, alhali ina jin kaina wasai, Allah Ya sa abokiyar aikina ta gani kafin a je ko'ina. A wancan binciken kuwa, masu awa 6 ne suka lalace haka. To ina ga awa 2?

Sai zancen zama da mutane. Uberman ba ya yafiya. Ka tsallake kwanciya ɗaya, yinin ya rushe. Ka auna da rayuwarka: kana cikin lacca, ko kwastoma na tsaye kanka yana jiran shaddarsa, ko an kira sallah, ko ana jana'iza a unguwa, za ka ce a dakata ka yi minti ashirin ɗinka? Sannan a zafin Gombe na watan Maris da Afrilu, babu wuta, fanka a tsaye, wa ya ba ka tabbacin barci zai ɗauke ka cikin minti biyu a kan bencin shago? Namu tsarin kuwa gari ne gaba ɗaya ke taya ka. Bayan Azahar kasuwa kan lafa, rana ta kore kowa inuwa, kuma agogon jikin ɗan Adam da kansa yakan yi sanyi a wannan lokacin ko bai ci abinci ba.

Ƙailula ba baƙuwa ba ce gare mu. A Suratun Nur, aya ta 58, cikin lokuta uku da aka ce a nemi izini kafin shiga ɗaki har da lokacin da ake tuɓe tufafi saboda zafin rana. Ko raba daren kansa mun san shi: a hadisin Bukhari da Muslim, Annabi Dawud (AS) yakan yi barci rabin dare, ya yi tsayuwa sulusinsa, ya sake kwanciya sudusinsa. Turawa ma kafin zuwan lantarki haka suke. Masanin tarihi Roger Ekirch ya tattaro ɗaruruwan rubuce-rubucen da ke ambaton barcin farko da barci na biyu. Wani likita mai bincike a Amurka kuma, Thomas Wehr, a farkon shekarun 1990, ya sa mutane cikin duhu awa 14 kowane dare har wata guda, sai barcinsu ya rabu gida biyu da kansa, kowane kashi kimanin awa 4. Ka lura, jimillar ba ta ragu ba.

Ba zan hana wa gutsuren barci haƙƙinsa ba. Masu tuƙa jirgin ruwa su kaɗai a teku suna yinsa, domin babu wanda zai karɓe su. Mu ma a aikin dare minti 20 kan ceci mutum. Amma wannan dabarar lalura ce, kamar taimama inda babu ruwa. A 2021 kwamitin masana da Gidauniyar Barci ta Amurka ta kafa ya duba binciken da ake da shi, ya ce bai ga hujjar cewa irin waɗannan tsare-tsaren rage barci suna da amfani ba, kuma bai ba da shawarar a bi su ba. Ma'aunin likitocin barci ga baligi shi ne awa 7 ko fiye.

Don haka ni na biyun na zaɓa maka, amma da sharaɗi, domin da yawanmu muna cewa muna bin sa alhali hira da waya sun cinye daren. Wanda ya kwanta ƙarfe 1 ya tashi Asuba, ƙailular rabin awa ba za ta cike masa gurbi ba. Ka kwanta ƙarfe 10, ka tashi 4:30, awa shida da rabi ke nan. Bayan sallar Asuba ka ɗauki littafinka, lokacin kai a sake yake, gari da sanyi. Bayan Azahar ka kwanta minti 20 zuwa 30, ka sa ƙararrawa, domin idan ya kai awa ɗaya sau da yawa daga barci mai nauyi za ka farka, kai ya yi gingirim. Kada ka kai shi bayan La'asar, zai ci maka na dare. Shayi mai kauri, kofi, goro da lemukan ƙara kuzarin nan da samari suka runguma, ka ajiye su tun da rana. Ba sa biyan bashin barci, toshe saƙon gajiya kawai suke yi, kuma rabin sinadarin da ke cikinsu mai hana barci yana nan a jini bayan kamar awa biyar.

Makon ƙarshe kafin Sallah na san dole ku kwana kan keke wasu darare, ba zan yi kamar ban sani ba. Ku yi karɓa-karɓa kai da yayanka, kowa ya samu aƙalla awa huɗu da rabi a jere, a ƙara da ƙailula, a bar yanka da awo zuwa safiya. Ranar da ka kwana ido biyu kuwa, don Allah kada ka hau babur ka nufi makaranta, ka shiga Keke Napep. Gara ku gaya wa kwastoma uku tun yanzu cewa ba za ku iya karɓar nasu ba.