GARGAƊI ga masu gyaran tsofaffin motoci a Jos: wani mai walda ya cinye min ₦1,850,000

Assalamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake ƙwarai, don haka duk inda kuka ga na haɗa gaba da baya ku yi min uzuri.

₦1,850,000 na ba wani mutum da yaransa ke kira Injiniya, a wani gareji a nan cikin Jos, don ya gyara min ƙarfen jikin Peugeot 504 ta marigayi mahaifinmu. Miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da hamsin. Abin da ya dawo min da shi kwanon rufin ɗaki ne, da fila (kwaɓin da ake cike lotsawar jikin mota da shi), da fenti mai ƙyalli a kai.

Tun kafin wani ya ce ai kai ka bi arha, to ku ji: ban bi arha ba. Wallahi ban bi ba. Na zagaya da hotunan motar. Wani a wajen Dilimi ya ce min ₦600,000, na ƙi, domin na san kuɗin ba za su sayi ƙarfe mai kyau su biya aikin hannu ba. Wani ya ce ₦950,000. Shi wannan ya ce ₦1,850,000 har da fenti, ya kuma rantse ba zai rage ko sisi ba. Wanda ya fi kowa tsada na zaɓa, da gangan, saboda motar ba abin wasa ba ce a wurinmu. Abin da ke ci min rai ke nan. Da tsadar ya kama ni.

Baba ya sayi motar nan a 1982, haɗin Kaduna, daga masana'antar haɗa Peugeot ta PAN da ta fara aiki a Kakuri a 1975. A cikinta aka kai mu makaranta, a cikinta aka kai yayyena mata gidajen mazajensu. Bayan rasuwarsa ta daɗe a ajiye a tsakar gida ƙarƙashin tamfol, kuma kun san daminar Jos. Inji lafiya lau, giya lafiya lau, amma tsatsa ta cinye daɓen ƙasa, ta ci dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, ta ci ƙasan but da bakin modigad na baya. Wanda ya san 504 salun ya san ba ta da shasi daban irin na Land Rover ko babbar mota. Jikin nata shi ne ƙashin bayanta. Ƙarfen ƙasan ƙofa da daɓen su ke riƙe da motar, ba ado ba ne. Na san wannan tun kafin in je wurinsa, shi ya sa na ƙi na ₦600,000.

Ranar da na kai masa motar ita ce ke ta dawo min a rai, ko barci nake. Bai tsaya daga nesa ya faɗi kuɗi ba kamar sauran. Ya shimfiɗa kwali, ya kwanta ƙarƙashin motar da kayansa masu tsabta, ya riƙa soka sukudireba yana nuna min inda ya ruɓe. Ya tashi ya shiga shago ya fito da falle ɗaya na ƙarfe da abin awon kauri, ya ɗora a gabana, ya ce, "Alhaji, karanta da kanka." Na karanta, milimita 1.2. Ya ce, "Geji 18 ke nan, da shi zan yi maka daɓe da ƙasan ƙofa. Modigad kuma geji 20, wanda bai kai wannan kauri ba, don ya lanƙwasu yadda Bature ya yi shi." Ya miƙo min fallen ya ce in ɗaga in ji nauyi. Na ɗaga. Na ji nauyin a hannuna.

Ya ce duk inda tsatsa ta taɓa zai yanke shi ya fitar, ya yanko sabo daidai ramin, ya haɗa baki da baki, ba ɗora wani kan wani ba, domin in aka ɗora ruwa na shiga tsakani ya kwanta. Ya ce ba zai taɓa motar da wutar kabai ba, domin zafinta na bazuwa ya murɗe ƙarfe marar kauri, da injin MIG zai yi, wato injin walda mai aiki da lantarki da gas. Ya yaye wani buhu ya nuna min injin da tukunyar gas ɗinsa. Sannan ya dafa bonet ya ce, "Alhaji, araha ba ta ado. Motar uba ba a kai ta wurin 'yan faci."

Ku faɗa min, wa zai ji wannan ya ce mutumin bai san aiki ba? Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Har yau in ka tambayi mai aikin kirki abin da zai faɗa maka ke nan. Ya san aikin sarai, yin sa ne bai yi niyya ba. Na karanta 1.2 da idona. Na ɗaga fallen da hannuna.

Na tura ₦900,000 kafin alƙalami. Sai ₦450,000 da ya ce zai je Panteka a Kaduna ya sayo ƙarfe da wasu ƙananan kaya. A kan na 450 ɗin, na tuna ya kira ni yana cewa farashi ya tashi kafin Sallah, in ban tura ba a ranar za a sayar wa wani. Cikon ₦500,000 kuma ranar da na karɓi mota. Ku haɗa, ₦1,850,000 cif. Duk ta banki na tura, shaidar tana wayata, zan saka hotunan.

Abin da ya faru ranar da asiri ya tonu shi ne ba zan iya yafewa ba. Bayan Babbar Sallah na ɗauki Hajiyarmu a motar za mu gaida 'yan uwa a Bukuru. Tun da Baba ya rasu ba ta shiga motar ba sai ranar. Ta zauna a gaba, tana shafa dashbod tana yi masa addu'a. A hanya tayar baya ta yi faci. Na sauke ta ta tsaya a gefen titi, na kafa jak a wurin da aka tanada masa, na fara ɗagawa. Sai na ji ƙaras. Motar ba ta tashi ba, jak ɗin ne ya nutse cikin jikinta. Wani guntu fari ya ɓantare ya faɗo ƙasa, kaurinsa ya fi yatsana, gefe ɗaya fenti mai sheƙi, ɗaya gefen kamar alli. Mutane suka taru. Hajiya ta dube ni ta ce, "Wannan ce ka ce min an mayar da ita sabuwa?" Ba faɗa ta yi ba, tambaya ce kawai. A Keke Napep na sa ta ta ƙarasa.

Kafin wannan ma, na manta ban faɗa ba, tun ruwan farko da ya dake ta na ga fentin ƙasan ƙofar direba ya yi ƙuraje. Na kira shi a take. Ya ce fenti ne bai gama shan iska ba, zai kwanta. Ina da muryarsa a WhatsApp yana faɗin haka.

Kuma kada wani ya ce ban riƙa leƙawa ba. Ina zuwa. Duk zuwan da na yi sai in tarar an riga an fesa jan fentin hana tsatsa a wurin da aka yi aiki. Na tambaye shi me ya sa ba ya bari in ga waldar tsirara. Ya ce a sanyin Jos da raɓarta ba a barin ɗanyen ƙarfe ya kwana a buɗe, kafin safe ya fara ja. Wannan ma gaskiya ne! A madadin haka yana turo min hotuna: daɓe sabo fil, walda a jere tsaf. Sai bayan abin ya faru ɗan yayana ya buɗe hoton a kwamfuta ya faɗaɗa shi, ya ce, "Kawu, dubi inda fedar birki take." Tana dama. Motar da ke cikin hoton mai sitiyari a dama ce. Mu da muka koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motocinmu sitiyarinsu a hagu yake, ta Baba ma haka. Daga intanet ya kwaso hoton, ya datse gefensa ya turo min. A ƙaramin allon waya ba mai lura da wannan. Shi ma hoton zan saka, ku gani da idonku.

Na ja motar zuwa wurin wani dattijo mai gyaran jikin mota a Farin Gada. Bai ce komai ba da farko. Ya ciro maganaɗisu daga tsohuwar sifika, ya naɗe shi a tsumma don kada ya karce fenti, ya riƙa bin jikin motar da shi. A rufi ya kama gam. A bonet ya kama. Da ya zo ƙasan ƙofa sai ya faɗo ƙasa. Modigad na baya, ya faɗo. Ya sa injin gurza ya buɗe wuri ɗaya, farar ƙura ta turnuƙe mu, yana ta gurza bai kai ga ƙarfe ba. Ya ce fila aikinta cike ɗan lotsawa ne, milimita biyu ko uku, in ta wuce haka tsagewa take yi, kuma tana shan ruwa ta riƙe shi a jikin ƙarfe. A nan ta haura santimita ɗaya.

Ƙarƙashin filar kuma kwanon rufi ne. Tsohon kwano, an buga shi da guduma an baje tudun, har ramukan ƙusa suna nan. Bai kai ko rabin milimita ba. Ba a yanke tsatsar ba ko kaɗan, an ɗora kwanon a kanta ne aka ɗiga jan ƙarfe da wutar kabai nan da can don ya tsaya. Cikin ƙarfen ƙasan ƙofa, wurin da ya kamata ya riƙe nauyin mota, takardar buhun siminti aka cusa da soson katifa don filar ta sami abin zama. Soson ya jiƙe sharkaf. Dattijon ya matse shi ruwa ya zubo. Ya ce, "Ɗana, gode wa Allah faci kuka yi ba karo ba. Da wani ya buge ku ta gefe, babu abin da zai tare."

Hajiya ce a wannan gefen. Ita ce zaune a wannan kujerar. A kan ₦1,850,000.

Bamba ma ba tawa ba ce. Ta asali da ta zo da motar ba ta tsatsa, duk shekarun nan ba ta yi ko ɗigo ba. Wadda ke jiki yanzu ta fara ja a gefuna. An cire ta Baba an sa min wata. Injin MIG ɗin da ya nuna min kuwa, wani yaronsa da ya bar wurin ya shaida min ya daɗe da lalacewa, ajiye shi ake yi don baƙi. Fallen geji 18 ɗin ma guda ɗaya ne tak a shagon, shi ake nuna wa kowa. Wanda na ɗaga. Yana nan har yanzu jingine da bango, na gan shi ranar da muka koma.

Na koma garejin Injiniyan tare da Yayana. Injiniyan ya dube mu ido cikin ido ya ce, "Alhaji, tsohuwar mota ce fa, ba a ba da garanti a kan tsatsa." Na ce ina ƙarfen ₦450,000 na Kaduna? Ya ce yana ciki. Na ce kwanon fa? Ya ce yara ne suka yi ba da saninsa ba. Muka kai ƙara wurin shugabannin garejin, aka zauna, ya amince zai mayar da ₦300,000 kaɗan kaɗan. ₦300,000 a cikin ₦1,850,000. Ko wannan ɗin ban ga naira ɗaya ba, yanzu ma ya toshe lambata.

Dattijon ya ce gyaran yanzu zai fi na farko tsada, domin ruwan da aka kulle a ciki ya ƙara cin inda da yake da rai, sai an kankare duk filar an koma farko. Ban yi gardama ba. Aikin ƙarfe na gaskiya yana da tsada, na yarda da wannan tun farko kuma har gobe na yarda, domin kowane guntu sai an auna an yanka an buga shi da hannu ya ɗauki siffar wurin, a yi walda ɗigo ɗigo ana jira ya huce. Amma shi dattijon da ya faɗi kuɗinsa ya ɗauki biro ya rubuta min falle nawa, geji nawa, wane wuri za a yanke, ladan hannu nawa, ya ce kuma ba zai shafa komai a kai ba sai na zo na gani. Wancan dunƙulallen kuɗi kawai ya faɗa da rantsuwa da daɗin baki.

Ban faɗi sunansa da wurinsa ba saboda lauya ya ce in dakata sai an shigar da ƙara, ba don ina rufa masa asiri ba. Na kuma sami labarin ba ni kaɗai ba ne, akwai mai Beetle da mai tsohuwar Mercedes da ya yi wa irin wannan. In kuna ganin wannan rubutu ku neme ni ta saƙo, mu haɗa shaida.

Ku kuma saura: kada ku biya cikon kuɗi sai kun ga walda tsirara da idonku, ba hoto ba. Ku tafi da maganaɗisu. A rubuta geji a takarda a sa hannu.

Shaidar tura kuɗin guda uku, da muryarsa, da hoton mai sitiyarin dama, da bidiyon kwanon da soson duk zan saka su a ƙasa yau da daddare. Duk wanda motarsa ke hannun wani Injiniya a Jos da ya taɓa ba shi fallen ƙarfe ya ɗaga, ya je gobe da safe ya sa a gurza masa wuri ɗaya a gabansa.