Na'urar auna zafin ɗakin 'yan tsaki da ba ta cin batir

Duk mai kiwon kaji a gida ya san wahalar makon farko. 'Yan tsaki na son zafin digiri 32 zuwa 35, ga hunturun Gombe da asuba ba ya wasa, sai ka kwana kana leƙa kaskon gawayi. Shi ya sa ɗan ƙanena ya yi mini odar wannan na'ura ta intanet, ya zo har Tumfure ya kafa mini.

Ba ta da batir ko ɗaya. Wani ɗan farin faranti ne, faɗinsa kamar kwalin ashana, gefe guda a manne da ƙarfen kasko, ɗaya gefen da haƙoran alminiyam masu shan iska. Bambancin zafin gefen biyu ne ke haifar da lantarki, abin da Bajamushen nan Thomas Seebeck ya gano tun 1821. Wutar ba ta taka kara ta karya ba, don irin waɗannan farantai wajen kashi 5 cikin 100 na zafin kawai suke mayarwa lantarki. Amma ta ishi ma'aunin ya farka, ya turo lamba a waya, ya koma barci. A nan kam ta biya ni, daga kan gado nake ganin zafin ɗakin.

Kada wani ya ce ai garinmu zafi a banza yake. Yaron ya gwada ta a ƙarƙashin kwanon rufi da rana tsaka, ko motsi ba ta yi ba, tunda gaba da baya duk sun gasu.

Inda take ba ni haushi shi ne, gawayi na mutuwa abincinta ya ƙare. Takan ɗan ja da wutar da ta tara, daga nan sai tsit, alhali a lokacin ne 'yan tsakin ke cunkushewa wuri guda suna danne juna. Manhajarta ta waya kuma ba ta yin ƙara idan saƙo ya yanke. Akwatin da ke karɓar saƙon daga na'urar ya miƙa wa waya shi ma sai da wuta da data, dole na haɗa shi da sola.

Mai saye ya riƙa goge toka da ƙura daga haƙoran nan, kuma kada farantin ya taɓa garwashi, dalmar cikinsa narkewa take yi. Ga mai gidan burodi da tandarsa ke kwana da zafi, zan ce ya saya. Mai 'yan tsaki kuwa ya saya, amma ya bar ƙararrawar wayarsa a saite ƙarfe uku na dare.