Jakar ɗan nazare a Ingila da Jamus, da abin da yaro zai iya kafin ranar farko

Yaya, ga bayanin da kika nema kan shigar yara nazare, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, a Ingila da Jamus, da irin jakar da za a saya wa yaro. A Ingila duk yaro mai shekara 3 ko 4 yana da awa 15 kyauta a mako, mako 38 a shekara, wato awa 570. Sai dai abin da ya fi shafar jakar makarantar yaro shi ne yawan yara: doka ta yarda ma'aikaciya ɗaya ta riƙe yara 8 'yan shekara 3, ko 13 in malama ce mai takardar koyarwa. Mai yara 13 ba za ta bi kowa tana buɗe masa zif ba. Yaron da bai iya ba sai ya zauna da ƙishi yana kallon gorarsa.

Kayan ƙasashen biyu sun bambanta. A Jamus takalmin cikin ɗaki, wandon ruwa da takalmin roba duk a makaranta suke kwana, kowane yaro da maratayinsa, don haka jakar ƙarama ce, lita 5 zuwa 8, galibi da maɗaurin ƙirji. Ba ta ɗaukar komai sai kwanon abinci da gora. Kuma ana ba uwa ko uba makonni suna raka yaro har ya saba. A Ingila kayan canji kan yi ta zirga-zirga a jaka, ga wata shimfiɗaɗɗiyar jakar littafi da ake ƙarawa in yaro ya kai ajin farko na firamare. A ganina ƙirar Jamus ta fi, saboda maɗaurin nan yana hana igiya zamewa daga kafaɗa.

Babban kuskure shi ne sayen ƙatuwar jaka wai don ya girma da ita. Kada ta fi bayansa faɗi, kada ta sauka ƙasa da ƙugu. Nauyi kuwa a tsaya wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyin yaro: mai kilo 14, jaka kilo ɗaya da rabi ta yi yawa ma. Gora mai mililita 350 ta isa.

A fara koya wa yaro sarrafa jakarsa saura mako biyu ya fara zuwa, minti biyar kullum, a daidai lokacin da za a riƙa fita. Zif ne kan gaba. Kan zif ya yi wa yatsunsa ƙanƙanta, sai a ɗaura masa zobe ko guntun igiya, a nuna masa ya danne jakar da hannu ɗaya ya ja da ɗayan. In bai danne ba, jakar ce za ta biyo shi. Sannan murfin kwano: a ba shi ya buɗe a shago kafin a biya, domin wasu maƙallan ko babba sai ya sa ƙarfi. Gora a aljihun gefe, a tsaye, a koya masa rufewa har ya ji ta ce ƙas. Wadda aka kwantar a ciki ita ke jiƙa kayan canji. Kayan canjin a leda a can ƙasa, da leda ta biyu ta jiƙaƙƙu.

Shi zai zuba kayan da hannunsa, ko da za a makara. In uwa ta shirya da dare yana barci, gobe bai san akwai wando a ciki ba. A kafa masa maratayi daidai tsayinsa a bakin ƙofa: ya shigo, ya cire gora, ya rataya.

Suna a rubuta shi daga ciki, kan kowane abu har murfi, don kada baƙo a hanya ya kira shi da sunansa. A waje a rataya wata alama da zai gane, tunda jaka iri ɗaya kan kai uku a aji. Nazare da yawa a Ingila sun hana gyaɗa saboda yaran da jikinsu ba ya karɓarta, inabi kuma sai an tsaga shi ta tsawo gudun shaƙewa. A tambayi makarantar dokarta kafin a sayi kwano, don wasu su ke ciyarwa.