Gidan kallon da ya ware ɗaki domin ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka

Tun shigowar hunturun bana nake zuwa wani gidan kallo da ke cikin lungu a wajajen Ƙofar Ƙaura kusan kowace Asabar, kuma ba gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila ce take kai ni ba, duk da cewa ita ce ke riƙe da kowane gidan kallo a garin Katsina. Wasan ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka nake zuwa gani. Na buga wannan wasa tun ina sakandare, na ci gaba da shi a babbar makaranta har ciwon gwiwa ya zaunar da ni, saboda haka da ƙanena ya ba ni labarin cewa akwai wurin da aka ware masa ɗaki guda, washegari na je na gani da idona.

Gidan ɗaki biyu ne. Babban zauren na 'yan ƙwallon ƙafa ne, da bencina a jere da majigi a gaba. Ƙaramin ɗakin da ke gefensa shi ne namu, kujerun roba ne a cikinsa waɗanda ba za su wuce talatin ba, da babban talabijin a bango, da fankoki biyu da ba a buƙatarsu a wannan sanyi. Abin da ya fi burge ni shi ne sha'anin wuta, domin mai gidan ya haɗa sola da batura, ya kuma ajiye janareta a can bayan gida, kuma a duk zuwan da na yi hoto bai taɓa ɗaukewa a tsakiyar wasa ba. Wanda ya san ƙwallon kwando ya san darajar wannan, tunda wasa ne da ake iya juya sakamakonsa a cikin daƙiƙa biyar na ƙarshe. Hoton a sarari yake, har mutum yana iya karanta agogon jifa da ke saman allon kwando, wanda ke ba ƙungiya daƙiƙa 30 ta jefa ƙwallo ko ta rasa ta. Kuɗin shiga daidai yake da na babban zaure, ba a ƙara ko kwabo ba, kuma mai shayin da ke bakin ƙofa yana kawo wa mutum kofinsa har kujera.

Lokacin ma ya zo wa mutumin Katsina da sauƙi a ranar Asabar. A watannin hunturu muna gaban gabashin Amurka da awa shida, don haka wasan da suka fara da ƙarfe 12 na rana yana zuwa mana da ƙarfe 6 na yamma. Ba a jimawa da farawa ake kiran Magariba, sai yaron gidan ya kashe murya, mu fita tsakar gida inda aka tanadi butoci da tabarmi, mu yi salla a jam'i mu dawo. Na yaba da wannan ƙwarai, domin na sha ganin gidajen kallon da ladan yana kira su kuma suna ƙara murya.

Sai dai akwai abin gyara. Bangon da ya raba ɗakunan biyu bai kai rufi ba, kuma wasan yamma na Ingila yakan fara da ƙarfe 6 da rabi, saboda haka da zarar an ci ƙwallo a can, ihun yakan binne muryar mai sharhi a wajenmu har na tsawon mintuna. Babu kuma allon da ake rubuta jadawalin wasanni, sai mutum ya zo ya tarar da abin da ya samu. Sau ɗaya na zo na iske kuɗin dikoda ya ƙare ba a sabunta ba, muka zauna rabin awa ana ta ƙoƙarin biya ta waya. Mai gidan ya ba mu haƙuri da kansa, ya kuma mayar wa kowa kuɗinsa ba tare da an roƙa ba, abin da ya sa ban riƙe shi a zuciya ba.

Abin da ya sa na ga ya kamata in tsawaita wannan rubutu ya faru ne a wata Asabar cikin Disamba. Ana nuna wasa tsakanin wasu jami'o'i biyu masu matsakaicin suna, sai kyamara ta haska saman zauren, muka ga layi-layi na kujeru babu kowa a kansu. Wani saurayi ɗan makaranta da ke kusa da ni ya juyo ya ce, "Malam, ashe su ma ba sa zuwa? Ni na ɗauka a can ko'ina cike yake." Na ce masa, "Ɗana, cikar da ka saba gani ta wurare kaɗan ce, kuma ta wata guda ce a shekara."

Lallai akwai wuraren da ba a samun masaka tsinke. Zauren jami'ar Duke, wato Cameron, mutum 9,314 kawai yake ɗauka, kuma ɗalibai sukan kafa tantuna su kwana a waje cikin sanyi domin su samu shiga wasansu da North Carolina. A Fabrairun 2019 mutum 35,642 suka shiga kallon Syracuse da Duke. Amma rukunin farko na hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'i, yana da ƙungiyoyin maza fiye da 350, kuma idan aka haɗa su duka, matsakaicin 'yan kallo a kowane wasa ya sauko daga sama da 5,000 a 2007 zuwa kimanin 4,600 a 2019, yana raguwa kusan kowace shekara, tun kafin annobar korona ta zo ta sa a soke gasar Maris ta 2020 baki ɗaya, wato babbar gasar ƙarshen kaka da ke fitar da zakaran ƙasa. Wani ɓangare na raguwar lissafi ne kawai, domin ƙananan makarantu masu ƙananan zaure suna ta shiga rukunin suna jan matsakaicin ƙasa, amma wannan bai isa ya bayyana kujerun da muka gani a manyan zaure ba.

A ganina babban dalili shi ne ainihin abin da muke jin daɗinsa a wannan ɗaki. An sake gina wasan domin mai kallo daga nesa, aka bar wanda ke zaune kusa da zauren. A 2010 hukumar NCAA ta sayar wa kamfanonin CBS da Turner haƙƙin nuna gasar Maris a kan dala biliyan 10.8 na shekara 14, a 2016 kuma aka tsawaita yarjejeniyar zuwa 2032 da ƙarin dala biliyan 8.8. Rukunonin da jami'o'i suke haɗuwa a ciki domin buga wasa da juna su ma kowanne yana da tasa yarjejeniyar da gidajen talabijin domin wasannin kaka. Wanda ya biya irin wannan kuɗi shi ke faɗin lokacin da za a buga. Shi ya sa ake sa wasa da ƙarfe 9 na dare a ranar Talata ko Laraba, a tsakiyar sanyin Janairu, lokacin da magidanci ke da aiki da safe, yara kuma suke da makaranta. Wasan da ke zuwa mana da yamma cikin sauƙi, su da tsakar rana aka tayar da su domin a cike gurbin da tasha take so. Sannan a kowane rabi ana tsayar da wasa sau huɗu domin talla, idan agogo ya sauko ƙasa da minti 16, da 12, da 8, da 4, ban da hutun da masu horarwa ke nema da tsayawar alƙalai suna duba bidiyo. Wasan minti 40 sai ya ci awa biyu. Mu a nan idan aka tafi talla mukan kurɓi shayi mu yi musu, amma wanda ya sayi tikiti, ya biya kuɗin ajiye mota, ya sayi abinci da tsada a cikin zaure, zama yake yi yana kallon fili babu kowa, alhali a gidansa akwai allo mai kyau da ɗumi da maimaicin kowace jifa.

Dalili na biyu ya fi taɓa mini zuciya, domin ya shafi yadda ake son ƙungiya tun asali. Mutum ba riga yake zuwa gani ba, yaro yake zuwa gani, wanda ya san shi tun yana sabon shiga ba ya iya riƙe ƙwallo har ya zama jagora. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya yi kaka uku yana buga wa jami'ar Houston, ya kai ta zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe a 1982 da 1983 da 1984, kafin a ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, a 1984. Mutanen garin sun ga girmansa da idonsu. Daga 2006 dokar NBA ta ce sai ɗan wasa ya kai shekara 19 kuma ya yi shekara guda da gama sakandare, sai manyan haziƙai suka mayar da jami'a zangon kwana ɗaya. Kevin Durant kaka ɗaya ya yi a Texas, Anthony Davis kaka ɗaya a Kentucky, Zion Williamson kaka ɗaya a Duke. A 2018 aka buɗe rajistar masu neman sauya makaranta, a 2021 aka yarda ɗan wasa ya sauya ba tare da ya zauna shekara guda a benci ba, a watan Yuli na 2021 ɗin kuma aka halatta masa samun kuɗi da sunansa da hotonsa. Ni ban ga laifin yaran ba ko kaɗan, domin shekara da shekaru ana tara biliyoyi da guminsu su kuwa ba su da komai sai kuɗin makaranta. Amma sakamakon a fili yake, mai sayen tikitin kaka yakan dawo a Nuwamba ya tarar da fuskokin da bai sani ba, kuma kafin ya haddace sunayensu sun yi gaba. A ɗakinmu ma haka muke fama, domin saurayin nan ya taɓa tambayata inda wani dogon ɗan wasa da ya so a bara ya shiga, muka duba a waya muka gan shi sanye da rigar wata jami'a.

Haka nan an wargaza tsofaffin hamayya saboda kuɗin ƙwallon ƙafar Amurka, wato wadda ake ɗauka a hannu a yi gudu da ita, wadda ita ce ke jan akalar rabon jami'o'i zuwa rukuni-rukuni. Missouri ta bar rukuninsu da Kansas a 2012, wasan da aka fi ƙarni ana yi ya tsaya na shekaru. Syracuse ta bar rukuninsu da Georgetown a 2013. A 2024 jami'o'in UCLA da USC na Kalifoniya suka koma buga wasa da makarantun da ke can ɗaya gefen ƙasar. Duk wanda ya taɓa shiga filin wasa na Muhammadu Dikko ranar da Katsina United ta karɓi Kano Pillars ya san cewa maƙwabtaka ce ke cika fili. Ga kuma gasar Maris ɗin kanta, da aka kai ƙungiyoyinta 68 a 2011, wadda sau ɗaya ake doke ka ka fita. Daɗinta ya yi yawa har ya rage wa wasannin Disamba da Janairu daraja, mutane da yawa suna ajiye hankalinsu sai Maris.

Abin da ke ƙara tabbatar mini da cewa ba wasan aka daina so ba shi ne ɓangaren mata. Caitlin Clark ta yi shekara huɗu cif a jami'ar Iowa, mutane suka san ta suka shaƙu da ita, har mutum 55,646 suka taru a filin ƙwallon ƙafar jami'ar a Oktoban 2023 domin wasan sada zumunta, kuma wasan ƙarshe na mata a 2024 ya fi na maza yawan masu kallo a talabijin. Wannan ya tuna mini da wani gibi na gidan kallon namu, wato babu wani tanadi da zai sa magidanci ya zo da 'ya'yansa mata, alhali a makarantun garin nan akwai 'yan mata da ke buga wasan a filayen siminti.

Na zanta da mai gidan wata rana bayan an tashi, yana naɗe wayoyi. Ya ce mini, "Wallahi Malam, ɗakin nan ba riba nake ci da shi ba, ni ma na buga ne shi ya sa. Yaran yanzu ko ƙwallon ƙafa a waya suke gani, su kalli gajeren bidiyo na minti uku su ce sun ga wasa." Na lura da gaskiyarsa, domin a ranar da muka fi yawa ba mu kai ashirin ba, wani lokaci kuma mu bakwai ne. Abin da talabijin ya yi wa zauren jami'a a Amurka shi waya take yi wa gidan kallo a Katsina, kuma abin da ya rage wa mai gida ya sayar shi ne zaman jama'a, wato dattijon da zai bayyana wa yaro dalilin da ya sa alƙali ya busa, da ɗakin da zai miƙe tsaye gaba ɗaya idan ƙwallo ta bar hannu agogo yana kan sifili.

Saboda wannan nake ba duk mai son ƙwallon kwando a garin nan shawarar ya je, musamman ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman Katsina waɗanda ke bugawa, domin a wasan jami'o'i ake ganin tsarin tsaro da rabon ƙwallo a fili fiye da NBA, kuma akwai darasi a kowane zagaye. A je ranar Asabar kafin ƙarfe 6, a zauna a gefen da ke nesa da bangon babban zaure, a kuma riƙo rigar sanyi. Wasannin tsakiyar mako yawanci daga ƙarfe 1 na dare zuwa sama suke zuwa mana, gidan ba ya buɗewa dominsu. Na roƙi mai gidan ya ƙarasa ginin bangon nan ya kuma rataya allon jadawali a bakin ƙofa kafin gasar Maris, ya ce allon zai yi shi a wannan mako, bango kuwa sai ya ga yadda watan ya kasance.