Agola: riƙo ko takardar kotu, wanne ya fi cin kuɗi?

Wani ƙanenmu daga Rigasa ya yi tambaya shekaranjiya. Ya auri bazawara mai ɗa namiji ɗan shekara shida, uban yaron yana Zariya, ko sabulu ba ya aikowa. Yana son sanin nawa zai kashe ya je kotu a mayar da yaron nasa, a sa masa sunansa. To ƙanena, shekarata 11 da agola a gidana a nan Tudun Wada, bari in ajiye maka hanyoyin biyu kusa da juna ka gani.

Riƙo irin na gida ba ya cin ko kwabo ranar farko. Yaro ya biyo uwarsa ranar tarewa da 'yar jakar kayansa, shi ke nan. Daga baya kuɗin ke fita, kuma ba ya zuwa da sunan kuɗin agola. Mudun shinkafa ne da ya daina kai kwana biyu, kuɗin boko da na Islamiyya, maganin zazzaɓi da damina, takalmin da ya matse tun zango bai ƙare ba. Wanda ba a faɗa maka shi ne na daidaitawa. Sallar farko na shiga Kasuwar Barci na yanko wa 'ya'yana biyu shadda, shi kuma na ɗauko masa yadi mai sauƙi, wai ai ubansa zai aiko. Uban bai aiko ba. Yaron ya karɓi ledarsa ya ce na gode Baba, ya leƙa ta 'yan'uwansa sau ɗaya ya sunkuyar da kai. Uwarsa ba ta ce uffan ba, kuma shirun nan ya fi faɗa ciwo. Washegari na koma kasuwa. Tun daga ranar komai uku nake saye.

Hanyar kotu kuwa a gaba take cin nata. Akwai dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, Kaduna ta yi tata a 2018. Za ka bi ta ma'aikatar jiha mai kula da walwalar jama'a, jami'ansu su zo su ga gidanka su rubuta rahoto, sannan kotu ta zauna. Dokar tarayyar ta ce mai nema ya kai shekara 25, ya kuma girmi yaron da shekara 21. Kuɗin lauya shi ne babba, shi kuma ciniki ne kamar na tela, sai na shigar da takardu, takardun rantsuwa, binciken asibiti, da kuɗin mota duk ranar da aka ɗage zama. Uwa uba, galibi sai uban yaron ya sa hannu ya yarda. Mutumin da ba ya aiko sabulu, ranar da ka ce ya saki sunansa a ranar zai tuna ɗansa ne, kawunnai da gwaggonni su taso.

Kuma kada ka ɗauka takardar za ta rage maka na tukunya. Duk abin da na lissafa a riƙo yana nan, ƙari ma ka samu. A riƙo, ciyar da yaro yana wuyan ubansa a shari'a, abin da kake yi kyautatawa ce, matarka tana iya maka shi a kotun shari'a ta Magajin Gari ko ta Rigasa a yanka masa abin da zai riƙa bayarwa. Da zarar kotu ta mayar da yaron naka, ka sauke wa uban nauyin da hannunka, ka kuma biya lauya ladan sauke masa.

Ga maƙwabtanmu Kiristoci na Sabon Tasha ko Barnawa, kuɗin nan yana sayen abu na gaske: yaro ya zama ɗa a doka, ya ci gado kamar na ciki. Kai Musulmi me ka saya? Suratul Ahzab, aya ta 4 da ta 5, ta hana mayar da ɗan wani naka, ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Zaidu ɗan Harisa ana ce masa Zaidu ɗan Muhammadu har ayar ta sauka ya koma sunan ubansa. Ranar rabon gado malamin da zai raba ba zai dubi takardarka ba, yaron zai gaji uwarsa da ubansa, kai ba zai gaje ka ba. Ko muharramaka ba ta canzawa: 'yar da ka haifa da wata matar halas ce gare shi, sunanka a takardarsa bai mayar da ita ƙanwarsa ba.

Inda riƙo ke da rauni shi ne ba shi da takarda. A mazhabarmu ta Malikiyya, uwa in ta auri bare haƙƙin renon yana barin hannunta, ya fara komawa wajen kakar yaro ta wajen uwa. Wato kana iya shekara biyar kana ɗawainiya a wayi gari an zo ɗaukarsa. Maganin wannan bai kai rabin wahalar waccan hanyar ba. Ka ɗauki dattijo ɗaya ku je Zariya, a zauna da uban da waliyyan matarka, a rubuta cewa yaro yana hannunka da yardarsu, shaidu su sa hannu, in da hali a kai gaban alƙali ya tabbatar. Kuɗin mota ne da goro.

In kuma tsoronka kada ya tashi a tutar babu bayan ranka, ƙofa biyu a buɗe suke. Wasiyya har sulusin dukiya ta halatta gare shi, daidai saboda shi ba magaji ba ne. Ko ka ba shi kyauta kana raye, fili ko keken ɗinki, amma ka damƙa masa ya karɓa a gaban shaidu, don kyautar baki ba ta tsayawa in mai ita ya mutu ba a karɓa ba. Ni rabin fili na rubuta masa, na sa ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya zama shaida, don na san daga ɓangarensa ƙorafi zai fara fitowa.

Batun suna, ranar da na kai shi firamare malamar ta tambayi sunan uba, biro a hannunta, yaron ya ɗago yana kallona. Sunana ya zo har bakina, na haɗiye na faɗi na ubansa. Bana yake shirin JAMB, wadda ba a rajistarta sai da lambar NIN. Wani abokina da ya sauya wa agolarsa suna a aji uku yana ta yawo tsakanin takardar rantsuwa da sanarwar jarida, don takardar haihuwa daban, ta makaranta daban. Namu suna ɗaya ne tun daga takardar haihuwa, kuɗin fom kawai nake haɗawa.