Tsargiya ko sabara: wanne ya fi dacewa da furojet?

Ƙanena, ka tambaya ko a kan tsargiya za ka yi furojet ɗinka na aji huɗu, ko kuwa gwajin ganyen sabara a kan ƙwayoyin bakteriya. In aljihunka ba nauyi kuma wutar sashenku ba tabbas, ɗauki tsargiya.

Ita tsargiya wahalarta jama'a ce. Ba ka karɓar fitsarin yaro ko ɗaya sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike da yardar hedimasta da iyaye, kuma takardun kan ci makonni, don haka da su za ka fara. Nemi ƙauyen noman rani irin na yankin Kura a Kano, inda yara ke wanka a ruwan da dodon koɗi mai yaɗa cutar ke zaune. Karɓi fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin ne ƙwan tsutsar da ke kawo cutar suka fi fita. Ɗebi mililita 10, juya shi a na'ura, ka duba abin da ya kwanta a ƙasa da madubin likita. Ƙwan yana da ƙaya a bakin gindinsa, ba ya ɓuya. Ƙwai 50 zuwa sama, cutar ta yi tsanani ke nan. Samfurin da zai kwana a ɗiga masa sinadarin fomalin, in ba haka ba ƙwan su lalace. Yaran da ka samu da cutar kuma a kai su asibiti a ba su maganin praziquantel.

Sabara ba ruwanta da izinin iyaye, amma tana cin kuɗi. Sai an tantance ganyen a ɗakin adana tsirrai an ba ka lamba. A shanya a inuwa, a daka, a jiƙa cikin sinadarin itanol awa 72, a tace. Kuskuren da ya fi yawa shi ne rashin barin itanol ɗin ya ƙafe sarai: shi da kansa yana kashe bakteriya, sai ɗalibi ya yi ta murna wai sabara ce. Farantin da ake rainon bakteriya a ciki kuma yana son ɗumin digiri 37 na awa 18 zuwa 24. Wuta ta ɗauke tsakar dare, sai ka sake sayen agar, wato abincin bakteriya da ake zubawa a farantin. Kada ka manta da ramin da za ka zuba ciprofloxacin, maganin kashe bakteriya, a cikin agar ɗin don kwatantawa, masu jarrabawa shi suke fara nema.