Man geranium: wata guda ina amfani da shi

Ƙamshin ne ya ja ni. Wata mai kayan turare ta buɗe mini 'yar kwalba mai cin mililita 10, sai na ji kamar an murje furen wardi da ɗanyen ganyen lemun tsami wuri guda. Ta ce man geranium ne ɗan Masar, wai yana korar sauro, yana maganin ƙuraje, har da ciwon mara. Na dai biya, amma a raina na ce mai guda ya yi kaɗan da wannan aiki.

Shukar, Pelargonium graveolens, 'yar asalin kudancin Afirka ce, a tukunya ake dasa ta don ado. Ashe ba furen ne ke ba da man ba, ganyen ake turarawa a tatso shi. Sinadaran da suka fi yawa a ciki su ne citronellol da geraniol, waɗanda kuma ake samu a man wardi. Shi ya sa marasa tsoron Allah ke surka man wardi mai tsada da shi.

Ranar farko na yi wauta, na ɗiga shi zallansa a wuyan hannu. Kafin la'asar wurin ya yi jawur, ga ƙaiƙayi kamar na taɓa ƙarara. Laifina ne. Sinadaran nan biyu suna cikin waɗanda Tarayyar Turai ta wajabta a rubuta sunansu a jikin kayan shafa, don fatar wasu ba ta ɗaukarsu. Yanzu ɗigo 2 nake sawa a ƙaramin cokali na man kwakwa, kuma lafiya lau.

Sauro kam yana gudunsa, amma na ɗan lokaci. Na shafa a ƙafa bayan magariba muna hira a tsakar gida, babu wanda ya raɓe ni. Ana idar da isha'i suka dawo suna yi mini kuka a kunne. Gidan saurona yana nan a ɗaure. Ƙurajen fuska kuwa, gwajin ɗakin bincike ya nuna man yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, sai dai ni tawa fuskar tana nan yadda take. Maganar ciwon mara ko gwadawa ban yi ba, balle in kai shi baki.

Inda ya biya ni kuɗina shi ne humra. Ɗigo 3 na zuba, mayafina ya kwana biyu yana tashi, har ƙanwata ta ce, "Yaya, wane turare kika ɓoye mana?" Idan kwalbar ta ƙare zan sake saya, amma kusa da kaskon turaren wuta take zama, ba cikin ledar magunguna ba.